Saƙon Godiya Bayan Dawowarmu Daga Muskoka

Assalamu alaikum. Muna yi wa Allah godiya da Ya dawo da mu Toronto lafiya, ni da uwargida da yaranmu uku, bayan kwana uku da muka yi a yankin Muskoka na lardin Ontario lokacin hutun Ranar Iyali, wadda ke faɗowa Litinin ta uku a watan Fabrairu. Akwai mutanen da suka yi mana alherin da ya fi ƙarfin bakina ni kaɗai, shi ya sa nake roƙon 'yan uwa na gida da na nan Kanada su taya mu godiya.

Zan fara da abokin aikina da maiɗakinsa, waɗanda suka sauke mu a gidansu na katako da ke bakin tafki. Ba Musulmi ba ne, amma kafin mu isa sun tanadi naman halal, sun kuma keɓe mana ɗakin salla. Maigidan bai bar kowa ya hau babur ɗin ƙanƙara ba, wanda mutanen wurin suka fi kira Ski-Doo, sai da ya huda ƙanƙarar tafkin a gabanmu ya auna kaurinta, ya bayyana mana cewa shawarar Red Cross ta Kanada ita ce kada a hau sai kaurin ya kai santimita 25. Da hannunsa ya ɗaura wa kowane yaro hular kwano, ya nuna mana totur ɗin da ake dannawa da babban yatsa.

A rana ta biyu bayan la'asar, ina tuƙi da ɗana mai shekara goma sha ɗaya a bayana, muka faɗa wani wuri da nauyin dusa ya danne ƙanƙarar har ruwa ya tsattsafo ya kwanta a ƙarƙashin dusar, abin da ido ba ya ganewa daga sama. Bel ɗin da babur ɗin ke tafiya a kansa maimakon taya ya nutse yana ta juyawa a wuri ɗaya. Da muka sauka, ruwa ya cika takalman yaron, ga sanyi ya kai digiri 22 ƙasa da sifili, ga rana tana shirin faɗuwa. Da ya ce mini ya daina jin yatsun ƙafarsa, hankalina ya tashi matuƙa.

Wasu dattawa biyu da ke kamun kifi a wata 'yar bukka a kan tafkin ne suka hango mu. Ɗayansu ya saɓi yaron zuwa bukkar, ya cire masa jiƙaƙƙun takalman, ya buɗe rigarsa ya manna ƙafafun yaron a cikinsa, ya hana ni murza su ko kai su kusa da murhu, domin fatar da sanyi ya kama tana ƙonewa mai ita bai ji ba. Sannan ya ciro busasshiyar safa ta ulu daga jakarsa ya sa masa. Ɗayan kuwa ya tattake dusar, ya shimfiɗa katako, ya ja babur ɗinmu da igiya har ya fita. Na miƙa musu kuɗi, suka ƙi karɓa ƙememe.

Da ake tafiya da yaron gida a kan babur ɗin dattijon, na tuna labarin da mai masaukinmu ya ba mu na Joseph-Armand Bombardier, mutumin Valcourt ta lardin Kwibek, wanda ɗansa ya rasu a 1934 saboda dusa ta toshe hanyar asibiti, shi ne kuma ya fito da Ski-Doo a 1959. Tun daga lokacin na daina kallon wannan na'ura a matsayin abin wasa kawai.

Ina gode wa ma'aikaciyar jinyar da ta duba yatsun yaron a daren ta tabbatar mana babu abin da ya lalace, da 'yan sa-kai na ƙungiyoyin masu babur ɗin ƙanƙara waɗanda ke gyara hanyoyi kimanin kilomita 30,000 a Ontario, domin alamunsu muka bi a cikin duhu. Uwargida kuma, da ta kwana zaune a gefensa, Allah Ya saka mata da Aljanna.

Ya ku dattawan arziki, Allah Ya saka muku da mafificin alheri. An wanke safar an ninke, abokina zai kawo muku ita ranar Asabar tare da dambun naman da uwargida ta yi muku.