Ranar da aka cire wa Guguwa zare

Talata, cikin hunturu.

Yau aka cire wa karenmu Guguwa zaren ɗinkin da aka yi masa a ƙugu, kuma da yamma ya taka ƙafarsa ta baya ta hagu a ƙasa da gaske, abin da bai yi ba tun ranar da mota ta buge shi. Tun da sassafe ni da autanmu muka shimfiɗa masa tsohon bargo a cikin keke napep, muka ɗaga shi da tawul a ƙarƙashin ciki don kada ya yi tsalle da kansa, muka kama hanyar asibitin dabbobi.

Ga wanda bai bi labarin tun farko ba, Guguwa karen gida ne irin namu, dogo siriri, nauyinsa kilo 16, kuma aikinsa gadin gona da tumaki. Wata a-kori-kura ce ta buge shi a bakin titi da magariba. Babu jini, babu karaya, amma ya rataye ƙafar, ta yi gajarta idan aka kwatanta ta da ɗayar, gwiwar ta karkata waje. Hoton ƙashi ya nuna cewa kan ƙashin cinya ya fita daga gurbinsa na kwankwaso, ya hau sama ya matsa gaba. Wannan gaɓar abu biyu ke riƙe ta baya ga tsoka: wata gajeriyar jijiya da ta ɗaure kan ƙashin da cikin gurbin, da kuma tantani mai kauri da ya lulluɓe mahaɗar gaba ɗaya. Ƙashin ba ya iya fita sai dukansu biyun sun yage, shi ya sa gocewar ƙugu ta fi ƙarfin abin da muke kira targaɗe. A cikin dukan gaɓoɓin kare babu wadda ta fi ƙugu yawan gocewa, kuma galibi bugun mota ne sanadi.

Da farko an yi masa allurar barci, likita ta ja ƙafar ta murɗa har ƙashin ya koma gurbinsa ba tare da yanka ba, sannan ta naɗe ƙafar a tanƙware da filasta, ɗaurin da suke kira na Ehmer, wanda ke hana kare takawa na kimanin kwana 10 zuwa 14. Tun a ranar ta faɗa mini gaskiya cewa wannan hanya tana cin nasara ne a kusan rabin karnuka kawai, domin gudan jini da yagaggen tantani kan cika gurbin, su hana ƙashin zama daram. Guguwa ya faɗa cikin ɗaya rabin. Da aka kwance ɗaurin aka sake hoto, ƙashin ya koma inda ya fito. Daga nan zaɓi ya rage uku: a buɗe a ɗaure ƙashin da jijiyar roba, ko a sa masa ƙugun ƙarfe gaba ɗaya, wanda kuɗinsa da kayan aikinsa sun fi ƙarfin irinmu, ko kuma a yanke kan ƙashin cinyar da wuyansa a cire. Na ukun muka yi.

Duk wanda na gaya wa cewa an yanke masa kan ƙashi an jefar sai ya zaro ido, kuma ban ga laifinsa ba. Amma aikin tsoho ne. Wani likitan ƙashi na Oxford a Ingila, Gathorne Girdlestone, shi ne aka san shi da yi wa mutanen da tarin fuka ko ƙwayar cuta ta cinye wa ƙugu irin wannan tiyata, kuma a 1961 likitocin dabbobi suka fara bayyana yadda suka yi wa karnuka ita. Hikimar ita ce, zafin yana zuwa ne daga gogar ƙashi da ƙashi. Idan aka cire kan, babu abin da zai gogi wani, sai jiki ya cike wurin da nama mai tauri irin na tabo, tsokokin ɗuwawu da na cinya su ɗauki aikin riƙe ƙafar. Ta fi yin kyau ga karen da bai wuce kilo 20 ba, saboda haka rashin ƙibar Guguwa ya yi masa rana.

Cire zaren bai ɗauki lokaci ba. An sa masa takunkumi, wani ɗalibi ya riƙe kansa, likita ta goge wurin da magani ta bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya da ɗan almakashi. Bakin ciwon ya haɗe, babu mugunya, babu wari, sai ɗan kumburi mai laushi a ƙasan ɗinkin wanda ta ce ruwa ne kawai jiki zai shanye da kansa. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne awo. Ta ɗauko tef irin na tela ta auna kaurin cinyoyin biyu a wuri guda, ta hagu ta gaza ta dama da santimita 3. Sannan ta kwantar da shi a gefe ta riƙa miƙe ƙafar zuwa baya a hankali, tana duban fuskarsa. Lafiyayyen ƙugun kare yana miƙewa har kusan digiri 160, shi kuwa Guguwa tun kafin a kai kusa da nan ya ɗaure jikinsa ya waiwayo.

Ta ce da ni, "Malam, ɗinki ya yi kyau, amma ƙafar nan ta daɗe a rataye. Tun daga ranar haɗarin ba ta yi aiki ba, ga kwanakin ɗauri, ga na tiyata. Daga yau ba hutu nake so ba, takawa nake so."

Na ce, "Ranki ya daɗe, idan ya taka yana jin zafi fa?"

Ta ce, "Shi ya sa ba za mu tsayar da maganin zafin ba tukuna. Ba don ya ji daɗin kwanciya muke ba shi ba, don ya yarda ya taka ne."

Wannan maganar ce na yi ta juyawa a hanya, domin a nan ne wannan tiyata ta bambanta da karaya. Naman da ke cike gurbin ƙashin yana ƙulluwa ne a cikin makonnin farko, kuma yana ƙulluwa ne daidai gwargwadon motsin da aka saba masa. Idan ƙafar tana miƙewa tana tanƙwarewa kullum, sai ya ƙullu da sassauci, ya zama gaɓa ta biyu. Idan aka bar ta a rataye, sai ya ƙullu a ƙage, tsoka ta rame, kuma bayan wata biyu ko uku babu tausar da za ta warware shi. Ga shi kuma kare ya iya tafiya da ƙafa uku fiye da yadda ake so. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba yake, saboda haka rataye ta baya guda ba ya hana shi komai, musamman mara nauyi irin Guguwa. Sauƙin jikin da ya sa tiyatar ta dace da shi, shi ne kuma yake ba shi damar ƙin takawa.

Ta ƙara mana maganin zafin, wato meloxicam na ruwa, sau ɗaya a rana, a kan abinci, bisa awon nauyinsa, da sharaɗin in tsayar nan take in kira ta idan ya yi amai, ko ya ƙi cin abinci, ko kashinsa ya yi baƙi. Ta sake jan kunnena a kan magungunan kemis. Ibuprofen da diclofenac da muke sha don ciwon jiki suna huda cikin kare, suna lalata masa ƙoda, ko da ƙwaya kaɗan ce. Mazurarin robar da ke wuyansa kuwa ta ce ya ƙara kwana biyu, har ramukan zaren su rufe, don kada ya lashe su.

Da muka dawo na tarar da Kawu a zaure yana shan hantsi. Ya tambayi jikin kare, na faɗa masa abin da likita ta ce. Ya girgiza kai ya ce, "Kai ɗan nan, tunda nake ban taɓa jin an ce a tilasta wa mai ciwon ƙashi tafiya ba. Ɗori ɗauri ne da haƙuri." Kawu ya san abin da yake faɗa, domin ya sha ɗora wa awaki da tumaki karaya da tsinken kara da tsumma, kuma sun warke a idona. Na ce, "Gaskiya ne Kawu, idan ƙashi biyu ake so su haɗe, dole a hana su motsi. Amma nan ba haɗewa ake nema ba, so ake su rabu, nama ya shiga tsakani." Ya yi shiru, sannan ya ce to ai wannan ba ɗori ba ne, wani abu ne dabam, kuma a kan haka muka tsaya. Ina ganin ya faɗi daidai fiye da yadda ya yi nufi.

Bayan la'asar, da iska ta ɗan lafa, muka yi aikin da aka koya mana. Na jiƙa tawul da ruwan ɗumi na ɗora masa a ƙugu na minti 10, domin sanyin nan yana sa gaɓar ta ƙage. Na tausa cinyar daga gwiwa zuwa sama, sannan na tallafi gwiwar da hannu ɗaya, na dafa kwankwason da ɗayan, na riƙa tanƙwarewa ina miƙewa sau 15, ina tsayawa daidai inda ya fara ɗaure jiki. Tanƙwarewa ba ta dame shi ba. Miƙewa zuwa baya ita ce wahalar, kuma ita ce ake bukata, domin da ita kare ke tura jikinsa gaba.

Sai tafiya da igiya. Sirrin duka yana cikin rashin sauri, kuma wannan ya fi wuya ga mai riƙe igiyar fiye da karen. Da zarar an ɗan ɗaga ƙafa sai ya koma tsalle da uku, amma idan aka tafi kamar masu rakiyar amarya, dole kowace ƙafa ta sami lokacinta a ƙasa. Autanmu ya riƙe tsinken ƙuli a gaban hancinsa, ni kuma na tsaya ta damansa ina ɗan tura kwankwasonsa zuwa hagu. Da farko yatsun kawai yake dangwalawa. Da muka kai wajen rairayin da ke bayan rumbu, inda ƙasa ke da laushi, sai ya shimfiɗa tafin gaba ɗaya, ya dogara a kai, ya ɗaga ta dama. Ya yi haka 'yan taku, ya ɗage, ya sake sawa. Minti 5 likita ta ce, kuma a nan muka tsaya duk da yaron yana roƙon a ƙara, domin idan aka wuce gona da iri gobe zai tashi da ƙarin ɗingishi.

Wani maƙwabci da ya gan mu ya ce da dariya, wai kuɗin da aka kashe ya isa a sayi tunkiya, ga 'yan kwikwiyo ana bayarwa kyauta. Ban ja da shi ba. Riƙon kare don gadin gona da dabbobi halas ne, kuma dabbar da mutum ya ajiye tana yi masa aiki, ciyar da ita da jinyarta suna wuyansa. Ban da haka, kwikwiyo kyauta ne, amma karen da ya san kowace tunkiya ta garken, ya san baƙo daga ɗan gida, ba a samunsa a shekara ɗaya.

Da dare ya cinye tuwonsa da romon ƙashi, na zuba maganin a kai, na kuma rage masa kaɗan daga abin da ya saba ci, tunda ba ya zirga-zirga kuma ƙiba za ta ƙara wa ƙafar kaya. Na taɓa ƙugun, babu zafi fiye da ɗayan. Likita ta ce a riƙa ƙara mintin tafiya kowane mako, a haɗa da zauna-tashi, daga baya a fara hawan tudu a hankali, iyo kuwa sai fatar ta gama warkewa sarai. Cikakken ƙarfi yakan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci har shida, kuma ƙafar za ta ɗan fi ɗayar gajarta har abada. Za mu koma awo bayan mako biyu. Kafin nan na sayi tef na kaina, na yi wa cinyoyin biyu alama da tawada a inda ta auna, na rubuta awon yau a bangon zaure.