Tashar jirgin ƙasa a kan allo mai tsawon santimita 120

Santimita 120 a tsawo, 30 a faɗi. Iyakar filin da bangon ɗakina ya ba ni ke nan, tsakanin durowa da taga, a gidan haya a nan Bauchi. A kansa na ƙudiri gina 'yar ƙaramar tashar jirgin ƙasa mai aiki: jirgi ya shigo da ƙarfin lantarki, ya ajiye tarago, ya ɗauki wasu, ya koma inda ya fito. A Turai da Japan manya masu furfura ne ke wannan sha'awa, mu nan kuwa in ka faɗa wa mutum sai ya ɗauka motar kara kake nufi.

Da wannan fili, maganar ma'auni ba ta ɗauki lokaci ba. Ma'aunin HO, wanda ya fi yawa a duniya, yana rage komai sau 87, tsakanin dogayensa milimita 16.5. Kan jirgi ɗaya da tarago uku sun cinye rabin allona. Z kuma, da kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, sau 220 ne, ƙanƙanta ta yi yawa, tsada ma haka, ga shi ƙwayar ƙasa ɗaya tana iya tsayar da shi. Saura N, mai rage komai sau 160, mai layin milimita 9, shi na ɗauka.

Sai wata matsala ta taso wadda bature mai gina tashar garinsu ba ya gamuwa da ita. Layin da ya taso daga Kuru kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, ya dire Maiduguri a 1964, faɗinsa milimita 1,067 ne, wato ƙafa uku da rabi. Shi kuwa layin N an yi shi ne don ya wakilci milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016: ninka 9 sau 160 ka ga inda ka faɗa. To yaya za a yi namu siririn? In ana son daidai wa daida, sai a raba 1,067 da 120, a sami kusan 9. Ke nan a yi amfani da layin N amma a gina jikin jirgi da gidaje a ma'aunin 1:120. A New Zealand, da layinsu yake irin namu, akwai masu yin haka. Amma kowane tarago da hannunka za ka ƙera shi. Japan ma yawancin layinta 1,067 ne, su sai suka yanke hukunci mai sauƙi: jirgi a 1:150, layi milimita 9, duk da lissafi ya ce 7 da ɗoriya ya kamata. Na bi Japanawa. Rarar milimita biyun nan ba wanda ya taɓa tsayawa gaban allona ya gano ta, kuma ribar ita ce siffar jiragensu, gajeru masu faɗin jiki a kan ƙananan ƙafafu, ta fi kusa da abin da muka saba gani a nan fiye da na Amurka. Kan jirgin da na samu samfurin DE10 ne na kamfanin Kato, tsawonsa bai cika santimita 10 ba. Na yi masa fenti kore da rawaya.

Yara da suka ji labari, abin da suke jira shi ne jirgi mai zagaye. Ba wurinsa. Lanƙwasar Kato ta R249, wadda take cikin matsattsu, da'irarta na buƙatar faɗin sama da rabin mita, ni kuwa 30 gare ni. Ban ma yi baƙin ciki ba. Jirgin da ke bin wutsiyarsa minti biyar ya ishe ka kallo. Tashar ƙarshen reshe, inda layi ya ƙare dole jirgi ya juya, ita ce mai aikin yi.

Tashar tawa ba kwafin wata ba ce. Ƙauye ne na ƙirƙira a wani wuri tsakanin Bauchi da Gombe, na ce a raina an ja masa ɗan reshe a shekarun 1960 don kwasar auduga da gyaɗa. Yadda za a shimfiɗa layukan kuwa, wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi ritaya daga aikin reluwe ne ya warware mini. Na kai masa zanen da na cika da layuka har shida, ya duba, ya ce: "Yaro, in jirgin ya shigo, ta ina kan zai koma gaba?" Na ce, "Baba, ai baya-baya zai tura su." Ya girgiza kai. Ya karɓi biro ya ja layi biyu kwance kusa da juna, ya haɗe bakinsu ta kowane gefe, ya bar ɗan guntun layi a ƙarshe. Kan jirgi ya shigo da taragonsa a layin farko, a kwance shi, ya wuce cikin guntun, a juya mahaɗa, wato wurin da layi ke rabuwa biyu, ya dawo ta layi na biyu ya zagaye taragon, ya kama su ta ɗaya ƙarshen. Ya ce duk sauran ƙari ne, wannan ce tashar.

Daga nan lissafi ya koma kan tsawon jirgi. Wannan shi ne babban abin da na koya: jirginka za ka fara aunawa, shi zai gaya maka tsawon kowane layi. Tarago uku nawa sun kai kusan santimita 25, don haka tsakiyar layin zagayen ba zai gaza haka ba, har da rarar da za ta hana kan jirgi gogar tarago in ya zo wucewa. Mahaɗar Kato mai lamba 4 santimita 12.6 ce, tana kuma buƙatar lanƙwasa kusan tsawonta don layi na biyu ya miƙe, ke nan 25 ta nan, 25 ta can. Guntun ƙarshe sai ya ɗauke kan jirgi gaba ɗaya, 12 zuwa 13. An tashi kusan 88. Abin da ya rage shi ne mashiga da mahaɗa ta uku mai kai wa ga siton auduga. Layuka shidan nan sun koma uku. Tarago na huɗu kuwa ba shi da masauki, ko da ina da shi.

Kafin in sayi ko guntun layi, na manna takardu a kan allon na zana komai da ainihin girmansa, na yanka kwalin ashana daidai tsawon kowane tarago, na yi ta tura su da yatsa ina kwaikwayon aikin. A takarda gyara kyauta ne. Kayan nan kuwa ba shagon da na san yana sayar da su a nan, sai an yi oda daga waje ko wani ɗan uwa ya taho da su a jaka, kuma da canjin dala na yanzu mahaɗa ɗaya da ka saya ba ta da wuri asara ce mai ciwo.

Jirgin kuma sai ya sami inda zai tafi, in ba haka ba tasha ce mara gari. Na yi wani siririn katako mai santimita 45 da ake saƙalawa a gefen allo lokacin wasa, layi ɗaya tak a kansa, ba ado. Shi ne Bauchi, shi ne Kuru, shi ne Fatakwal. A can nake sauya taragon da hannu. Bakin da jirgi ke ficewa na ɓoye shi da dutse, irin duwatsun nan masu sanƙo da suka kewaye garinmu, na sassaƙa shi daga farin soson da ake sako firiji a ciki.

Allon kansa kafinta ya haɗa mini da katakon da na sayo a kasuwar Muda Lawal. Na nace a yi masa ƙarfafa ta ƙasa a kuma shafe shi da fenti ciki da baya, domin katakon da ya sha zafin Afrilu ya zo ya sha laimar Agusta sai ya gantsare, kuma a wannan ma'auni tudun milimita ɗaya ya isa ya raba ƙafar jirgi da dogo. Ga gara. Amma babban abokin gaba shi ne ƙurar hunturu. Wuta ta cikin dogayen take bi ta shiga ƙafafun jirgi, volt 12 ne iyakarta, don haka siririn hazo in ya kwanta sai jirgi ya dinga tsayawa yana fizga. Murfin roba mai haske ya rage matsalar, sai goge dogo da tsumma mara gashi da ɗan sifirit kafin kowane wasa. Kada a kusanto da takardar yashi, tana kankare ƙarfen ta bar masa ramukan da datti zai zauna. Su volt 12 ɗin kuma sun yi mini rana ta wani gefen: batirin sola na gida yana tuƙa shi ta 'yar na'urar rage gudu, ko an ɗauke wuta.

Ado shi ne inda hannu ya sake, don kusan komai a ƙofar gida yake. Jar ƙasa na tankaɗe da rariyar shayi, na soya ta a tsohon kasko don kashe ƙwari, na bi ta da maganaɗisu ya tsince ɓurɓushin ƙarfe, wanda in an bar shi injin jirgi ne zai zuƙe shi. Sannan na barbaɗa, na ɗiga farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke don ya ratsa. Kukar bakin tasha da wayar wuta na murɗa ta, santimita 10, daidai da mita 15 a zahiri, na bar ta ba ganye don tashar a rani take zaune. Mutum a nan milimita 11 ne. 'Yan mutum-mutumin roba da aka sayo da kwat da hular sanyi suka zo, sai da na lulluɓe su da takardar goge hannu jiƙaƙƙiya da gam kafin suka zama masu babbar riga da mata masu mayafi.

Yanzu kowane tarago yana da kati. In kaɗa katunan, in zaro uku, su ne za su tafi, a jeren da suka fito. Tsamo na tsakiya daga bakin sito ba tare da an toshe layin zagaye ba yakan ci minti ashirin.

Akwai layin Bauchi Light Railway, wanda duk da sunansa bai taɓa zuwa garin Bauchi ba: Zariya zuwa Jos da Bukuru ya yi, don kuza, aka rufe shi a 1957. Faɗinsa milimita 762, in ka raba da 87 za ka sami kusan 9. Wato wannan layin da ke kan allona zai iya ɗaukarsa, in an gina jirgin da girman HO. Sai dai gidaje da itatuwa za su kusan ninka girma, kuma wannan yana buƙatar bangon da ya fi nawa tsawo.