Godiya bayan arba'in ɗin Inna, da cigiyar wani jan kare

Assalamu alaikum, 'yan uwa da abokan arziki.

Jiya aka yi addu'ar arba'in ɗin Inna. Yau da hantsi baƙin ƙarshe suka kama hanyar Damaturu, aka naɗe tabarmi aka mayar wa masu su, sai yanzu na samu na zauna. Babbar 'yata ta ce, "Baba, ka kwanta mana, godiyar ai ba guduwa za ta yi ba." Na ce mata tun ranar Talata 10 ga Satumban 2024 nake yawo da bashin mutane a wuyana, in ban rage ko kaɗan ba barcin ma ba zai ɗauke ni ba.

Ba sai na maimaita muku labarin ruwa ba. Duk wanda ke Maiduguri ya sha nasa, wanda ba ya nan kuma ya gani a waya: dam ɗin Alau ya ɓalle, Ngadda ta bar hanyarta ta shigo gari, ta shiga fadar Shehu, ta shiga Kasuwar Monday, ta shiga asibitin koyarwa, mu na Gwange kuwa ba a magana. Da yawanku kun bi mu da kira tun muna kan bene, kun san inda muka kwana, kun san yadda jikin Inna ya rikice bayan nan har Allah Ya karɓi abarSa. Wanda ya zo gaisuwa, da wanda ya aiko, da wanda ya yi mana addu'a a cikin sujadarsa ba mu sani ba, Allah Ya saka muku da mafificin alheri. Allah Ya sa kada ku ga irin wannan dare a gidajenku.

Abu guda ne ya ƙi barin raina, shi nake so in faɗa.

Waɗanda suka san gidanmu sun san abu biyu da ake yi mini tsiya a kansu, zane da karnuka. Ni malamin lissafi ne, zane ba sana'ata ba ce, ban taɓa sayar da ko ɗaya ba. Ranar Asabar ce kawai in na gama duba takardun yara nake shimfiɗa buhu a gindin darbejiyar tsakar gida, in ɗaure alawayyo a firam ko in samu guntun falanki, in yi ta fama da fentin mai har la'asar, gidan duk ya ɗauki warin kananzir ɗin wanke burushi. Sama da shekara 20 ina wannan. Karnuka kuma marigayiya matata ce ta jawo mini su. Ita ta tsinto Duna a bakin kwata tana 'yar kwikwiya, ido bai gama buɗewa ba, ta naɗo ta a tsumma ta ce ba za ta iya wucewa ta bar rai yana kuka ba. Ni a lokacin har faɗa na yi. Bayan rasuwarta sai ya zama duk gidan babu mai jirana a ƙofa in na dawo daga makaranta kamar wannan baƙar karyar. Daga baya ta haihu, muka rabar da 'ya'yan, muka bar ɗaya ja, yara suka sa masa Wutsiya don duk inda uwarsa ta sa ƙafa yana biye.

Inna ba ta taɓa son su ba. Shekara takwas ba ta kira Duna da suna ba, sai dai "wannan abar". In ta gifta kusa da butarta sai an sake ruwa. Duna ma ta san matsayinta, iyakarta bakin rariya da zaure, ba ta hawa barandar ɗakin Inna ko da nama aka ajiye.

A daren nan kuwa, can tsakar dare, kan barandar ta hau. Ba haushin ɓarawo take yi ba, na san wannan, wani irin kuka ne mai ja, tana kartar ƙyauren Inna da farce kamar za ta ɓalle shi. Na fito da sanda a hannu da niyyar in kore ta, ƙafata ta sauka cikin ruwa mai sanyi har idon sawu. Kafin in tashi yara in goya Inna ya kai gwiwa. Inna tana bayana tana cewa, "Malam, kada ka firgita yara, na 1994 ma mun gani, nan ya tsaya ya koma." Malam take ce mini, ni ne ɗan fari, sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. Wannan karon ruwan bai tsaya inda na 1994 ya tsaya ba. Da Duna ta bar mu mun ƙara ko rabin awa muna barci, ban san ta inda zan fitar da tsohuwa da yara uku ba.

Kan benen maƙwabcinmu muka taru, mun fi mutum talatin. Duna ta biyo mu ta matakala, Wutsiya kuwa tun a bakin layi ruwa ya raba mu da shi, na ga kansa sau biyu a hasken tocila, ban sake gani ba. Gari ya waye, rana ta take, babu abin sha sai wanda ke kewaye da mu wanda ba ya shayuwa. Ga labari ya zo ta waya cewa ruwa ya shiga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, kadoji da macizai sun fita, don haka ko reshe ne ya taso kan ruwa sai mata su sa salati. Auta ta ƙanƙame wuyan Duna ta ƙi saki. Ban hana ta ba.

Wajen la'asar sakaliya wani mai kwalekwale ya iso. Siriri ne, baƙi, rigarsa a yage a kafaɗa, hannunsa duk ya yi kanta saboda tuƙi. Ya ce tsofaffi da yara tukuna. Aka sauke Inna da zani kamar ana sauke jariri, aka sa yarana, aka ce in shiga in riƙe ta tunda ba ta iya zama da kanta. Na sa ƙafa ɗaya, sai Duna ta matso bakin bene tana rawar jiki, tana duban ruwa tana dubana. Wani daga cikin jirgin ya ce, "Haba Malam, mutane ba su samu wuri ba sai kare? Ga najasa, ga mu da kayan salla a jiki." Wallahi ban ga laifinsa ba, kuma har yau ban riƙe shi ba. Na sunkuyar da kai, na riga na haƙura da ita a zuciyata, ina neman yadda zan ɓanɓare hannun Auta daga kallonta.

Sai na ji muryar Inna, wadda tun safe ba ta ce uffan ba sai jan carbi. Ta ce, "Yaro, ɗauko Duna." Haka ta faɗa, da sunan. Ta ce, "Ita ta tashe mu. In babu wurinta, ku mayar da ni sama ku sa ta a nawa."

Jirgin ya yi tsit. Limamin masallacin layinmu yana daga saman bene, ya leƙo ya ce wa mutumin nan a hankali, "Alhaji, a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne, har kare, ba za ta ɓata maka tufa ba. Kuma ka tuna wanda Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare da takalminsa." Mai kwalekwalen bai jira ƙarshen fatawar ba. Ya miƙa hannu ya kamo ta ta ƙeya, ya cusa ta ƙarƙashin ƙafafunsa, ya ce, "Kaka, ai ba ta kai nauyin buhun gero ba, zauna abinki." Muka tafi. Duk tsawon hanyar nan kan Duna yana kan ƙafar Inna, Inna ba ta janye ba.

Da muka sauka na laluba aljihu, abin da ke ciki ya jiƙe ya manne, na miƙa masa haka nan. Ya ture hannuna ya ce in saya wa Kaka shayi, ya juya jirginsa ya koma ɗauko na sama. Ban tambayi sunansa ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk lamarin, mutum ya ɗauki uwarka da 'ya'yanka da karyarka ya fitar da su daga halaka, ka bar shi ya tafi ba ka san ko ɗan wace unguwa ba ne. Bawan Allah, in wannan rubutu ya iso gare ka, ko wani ya karanta maka, ka sani Inna ta yi ta sa maka albarka har ranar da bakinta ya rufe. Allah Ya tsare ka a kan ruwa da tudu. Allah Ya ba ka mai ɗaukarka ranar da ƙafarka ta gaza. Allah Ya haɗa ka da iyayenka a Aljanna, Ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ka yi wa tsohuwar da ba ka sani ba.

An ce mini ba a ambaton masu alheri, wai lada na raguwa, su ma sun roƙe ni kada in yi. Ku yi haƙuri, zan kira ku da abin da unguwa ke kiranku. Mai benen da ya buɗe ƙofarsa cikin duhu bai tambayi kowa addininsa ko yarensa ba. Maman Biyu, wadda ta karɓe mu mu biyar a ɗaki ɗaya har sati uku lokacin da rabin gari ke neman wurin shimfiɗa a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi, ta kuma yarda aka ɗaure Duna a bayan kicin ɗinta alhali tsoron kare take kamar me. Ita ta yi wa Inna wankan jinya, ita ta riƙe ta a daren ƙarshe lokacin da na fita neman mota. Ban san da wane baki zan gode miki ba, Allah ne kaɗai zai biya ki. Mai Shayi na bakin layi, wanda shi ma ruwa ya tafi da teburinsa da tukwanensa, amma ranar da muka dawo kwashe laka shi ya fara shigowa da shebur. Bulamanmu. Likitan dabbobin da ya duba Duna da ta kama zawo da ƙuraje saboda ruwan nan, ya yi mata allurar haukan kare da ta wuce lokaci, ya ce in bar kuɗin. Da ɗalibaina na aji uku da suka yi karo-karo suka sayo mini burushi huɗu da fenti gwangwani uku. Yaran nan kuɗin tararsu suka tara. Na karɓa na shiga ɗaki, don bai kamata ɗalibi ya ga hawayen malaminsa ba.

Zanena kam sun tafi. Na shekara 20 da ɗoriya, gadar Legas ta nan Maiduguri da yamma, kasuwar shanu, darbejiyoyin bakin titi lokacin hazo, duk sun zama dunƙulen laka a ɗakin ajiya, muka kwashe su a baro tare da katifu. Ban yi kukansu ba, wanda ya ga abin da ruwan ya yi a maƙabartar Gwange ba zai yi kukan alawayyo ba. Can matata take, kuma 'yar alamar da na kafa a kabarinta ban same ta ba da na je, sai dai na tsaya daidai inda nake zato na yi mata addu'a. Zane guda ɗaya ne ya tsira. Ban taɓa zana fuskar matata ba, ba ta so, hannunta kawai na zana a guntun falanki, da jan lalle, riƙe da ludayi tana dama fura. Wani yaro ya tsinto shi a saƙale a reshen darbejiyarmu, katakon ya kumbura ya tsage ta gefe, amma fentin mai ba ya jin ruwa, lallen yana nan ja kamar jiya aka ƙunsa. Maman Biyu ta goge shi da tsumma ta jingine a inuwa ya bushe. Yana rataye yanzu a ɗakin Inna.

Akwai 'yan uwa na jini da ban ga ƙeyarsu ba, ba ranar ruwa ba, ba ranar jana'iza ba, ba jiya ba. Na san hanya da tsada, na san kowa da abin da ya dame shi. Wani kuma saƙo ya aiko, maimakon gaisuwa, yana tuna mini cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare da hoto. Na san hadisin, ban kuma taɓa jayayya da shi ba, shi ya sa karnukana na gadi ne, a waje suke kwana. Sai dai da ka bari an share makoki tukuna, Yaya. Inna gwaggonka ce, ta goya ka. Shi ke nan, na yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinta, Ya sada ta da Annabin rahama. Allah Ya jiƙan matata da mahaifina da duk wanda ruwan nan ya ci, wanda aka samu gawarsa da wanda ba a samu ba. Waɗanda har yanzu ba su koma gidajensu ba, Allah Ya mayar musu da ninkin abin da suka rasa. Amin.

Tun da aka fita da Inna, Duna ta koma kwana a kan barandar nan, bakin ƙyauren. Na kore ta sau biyu, na gaji na bari.

Sai roƙo ɗaya. Wutsiya ja ne, bai cika girma ba, kunnensa na hagu a tsage yake tun yana ƙarami, akwai fari a ƙirjinsa kamar an ɗiga masa nono. Ba ya cizo, tsoro ne da shi, in an daka masa tsawa kwanciya yake yi. Wani ya ce ya ga mai kama da shi wajen Fori, na je sau biyu ban dace ba. Auta har yanzu tana ajiye masa ƙanzo a tsohon kwanonsa. Duk wanda ya gan shi, don Allah kada a jefe shi, a gaya wa Mai Shayi na bakin layinmu, saƙon zai iso ni.