Kafin in bar ajin wayarin

Tambayi ɗan aji ɗaya a kwalejin fasaha me yake so ya zama, da wuya ya ce maka mai wayarin ko mai walda. Injiniya zai ce, ko kwastan, ko dai aikin ofis ko wane iri ne. Ni da nake koya musu wayarin wutar lantarki na san da yawansu ma ba su suka zaɓe mu ba, makarantar kimiyya ce ba ta samu ba aka turo su nan. Ni ban ga laifinsu ba. Suna kallon yayyensu masu babbar difloma ta HND sun maƙale a mataki na 14 a aikin gwamnati, mai digiri ya zo ya wuce. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma ba a sa masa hannu ba. Yaro yana da ido, kuma yana lissafi.

Aikinmu shi ne mu sa ya so abin da ke hannunsa kafin ya fita. Tunda ƙarshen zangon nan zan ajiye aiki, bari in faɗi wanda ya hana ruwa gudu.

An kawo mana wani shugaba da ba ya auna makaranta da komai sai yawan waɗanda suka ci JAMB. Duk shekara sai an buga sunayensu a ƙaton ƙyalle an rataya a bakin get. Don ƙyallen ya cika, ya yanke awannin firaktikal ya mayar da su lasin. Kuɗin waya da soket da sandar walda da man janareta kuwa, sai dai mu ji labari. Yara suka koma zana makunni mai hanya biyu a littafi, ba su taɓa riƙe shi ba. Sai jarrabawar NABTEB, wato ta kammala kwalejin fasaha wadda ake samun takardar NTC da ita, ta rage mako guda a shigo da kaya a gurguje, a yi kiwon akuyar ranar kasuwa.

A taron malamai na ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan za su karɓi takardar NTC alhali ba su iya haɗa fitila uku a layi ɗaya ba." Ya cire tabarau ya ce, "Malam, so kake su ƙare a Panteka?" Aka yi dariya. Kafin mako ya zagayo na samu kwiri kan rashin ladabi, aka karɓe shugabancin sashe aka ba wanda ni na koya masa riƙe tasta.

Har yau wannan tambayar tana ci mini rai. Pantekar da ya raina, kasuwar maƙera da masu walda ta Kaduna, a can ake ƙera injin niƙa da na casar hatsi da ƙauyuka ke dogaro da su, kuma NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha mai hedikwata a Kadunan, ta san da zamansu. Ka leƙa manyan gine-gine a Abuja ka ga su wa ke sa tayil da silin: mutanen Togo da Kwatano ne, namu suna gida riƙe da fayil.

Ban sake yi masa musu ba. Ranar Asabar nake ɗaukar masu so mu tafi inda nake aikin kaina, su fasa bango, su zura waya a bututu, su ga yadda ake ɗaure ta a akwatin fis. Da aka cire tallafin mai a 2023 jama'a suka koma sola, waɗannan yaran ne aka riƙa nema. Wasunsu yanzu da yaran shagonsu, wani ma da kuɗin sa inbata yake biyan kuɗin jami'a, injiniyan da yake so ɗin zai zama. Ba a taɓa sa sunan ko ɗaya a ƙyallen ba.

Ga wanda zai gaje ni: koya musu yin kimar aiki da rubuta rasit, nan aka fi cutarsu. Wanda aka tura koyon aiki a shago ka bi shi da ƙafarka, in ba haka ba sayo wa oga abinci zai yi ta yi. Iyaye mata sun fi saurin fahimta, fara da su. Duk takardar neman kaya da ka rubuta ka ajiye kwafi. Mitocin auna wutar lantarki biyun da ke durowa kuma da kuɗina na saya, ɗaya zan bar maka.