Godiya ga Allah, ga ku, da ga kocin da ya riƙe mana yaro

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na gida da na nan Amurka.

Alhamdulillahi. Ranar Asabar da ta wuce babban ɗanmu ya karɓi digirinsa, ya hau dandamali da ƙafafunsa, babu sanda. Waɗanda suka san halin da muka shiga bara waccan sun san girman wannan ni'ima. Jijiyar gwiwarsa ce ta tsinke a fili, a ƙwallon nan ta Amurka da ake sa hular kwano a rungumi ƙwallo a ruga. Aka yi masa aiki, ya shafe watanni yana zuwa gashi.

Jama'ar masallacinmu da kuka yi ta zirga-zirgar dubiya, matanku suna aiko kunu da farfesu, Allah ya bar zumunci. Hajiya da ta yi ta sadaka a gida, da kawunnansa da ba su gaji da bugo waya ba, Allah ya saka da alheri.

Sai kocinsa na jami'a. Ni dai na zaci da yaro ya daina amfani a fili shi ke nan, an wuce wurinsa. Bawan Allahn nan a kujerar asibiti ya kai dare ranar aikin. Bayan an sallame mu, kullum da sassafe sai ya kira, kuma ba ya fara tambayar gwiwa sai ya ji ko an shiga aji. Da ya ga yaron ya karaya har yana zancen barin karatu, ya ɗebe mu a motarsa zuwa Grambling, wani ɗan gari a arewacin Luwiziyana, inda gidan tarihin Eddie Robinson, shahararren kocin ƙwallon nan ta Amurka, yake.

A hanya ya ba mu labarin mutumin. Ɗan talakawa ne, mahaifinsa na noma gonar wani, mahaifiyarsa na aikatau. A 1941, yana da shekara 22, ya karɓi horar da ƙungiyar ƙwallon kwalejin baƙaƙen fata da ke Grambling, bai ajiye ba sai 1997. Farkon zuwansa shi ke yanke ciyawar fili, shi ke ɗaure wa yara idon sawu, shi ke rubuta wa jaridu labarin wasa. In za su yi tafiya da hannunsa yake haɗa guzuri, domin a zamanin wariya gidajen abinci na kudu ba sa karɓar baƙar fata. Ya ci wasa 408. Yaran da ya horar sama da 200 sun shiga ƙwallon ƙwararru, har da Doug Williams da ya ci kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwararrun, a 1988. Robinson ya rasu a 2007.

Amma abin da kocin ya fi nanatawa ƙararrawa ce. Da asuba Robinson kan bi ɗakunan kwanan 'yan wasa yana kaɗa irin wadda ake rataya wa saniya, ya tashe su su karya su tafi aji. A nan na gane daga ina kiran sassafen nan ya samo asali. Yaron bai ce uffan ba har muka dawo. Ranar Litinin ya ɗauki sandunansa ya koma aji.

Ranar bikin kocin yana can baya a tsaye. Mahaifiyar yaron ta miƙa masa hula zanna bukar da ƙullin kilishi, ya sa hular nan take, ya rungume ɗalibinsa. Koci, mun gode. Allah ya raya maka zuri'a, ya ba ka masu riƙe naka kamar yadda ka riƙe namu.

Walima ranar Lahadi bayan la'asar a gidanmu, in Allah ya kai mu. Kowa ya zo da iyalinsa.