Talata: amsar kamfanin ta iso

Da hantsi amsar kamfanin da na nemi aiki a wurinsa ta shigo imel ɗina, ina zaune a shagon cajin waya na bakin kasuwa, don nan ne sabis ke ɗan tsayawa a ƙauyenmu. Layi biyu kacal. Sun gode, amma ba sa ɗaukar wanda ke zaune a Najeriya. Alhali tallar da na gani a LinkedIn, shafin neman aiki a intanet, cewa ta yi kowa ya nema, daga ko'ina yake a duniya.

Rashin samun aiki na saba da shi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne sai da suka gama cin guminmu tukuna. Sun turo min aikin gwaji, na tsara musu bayanan kwastomomi a Excel, na kwana ina yi da hasken fitilar sola. Ranar intabiyu na hau acaɓa har Ringim, na aro ɗakin abokina mai intanet mai ƙarfi, na saka farar shaddata ta sallah. A takardar neman aikin kuwa ƙasata na rubuce ɓaro-ɓaro tun farko. Da na tambayi albashi, matar da ke min intabiyun ta yi murmushi ta ce ya danganta da inda mutum yake zaune.

Bayan la'asar na ba Baffa labari yana gyara ƙotar fartanya. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, ko ƙwadagon noma ne, ai sai an yi jinga kafin a shiga gona." Gaskiyarsa. A birnin New York, tun Nuwamban 2022 doka ta tilasta wa masu ɗaukar aiki su rubuta mafi ƙaranci da mafi yawan albashi a jikin talla, kuma daga Yulin 2023 manhajar da ke tace masu nema ma sai an bincike ta ko tana nuna son kai. Ashe abu ne mai yiwuwa. Mu da gwamnati ta fara horarwa a shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani tun 2023, wa zai tsaya mana haka?

Da dare na rubuta a zaurenmu na WhatsApp: kada kowa ya taɓa aikin gwaji sai an faɗa masa a rubuce ko suna ɗaukar 'yan Najeriya, nawa ne albashi, kuma ta wace hanya kuɗin zai iso. Nan take wata 'yar Gumel ta turo hoton amsar da aka ba ta makon jiya. Kalma ɗaya ba ta bambanta da tawa ba.