Na bar ƙungiyar dirama, ga saƙona ga masu shigowa

Watan jiya na ajiye aiki a ƙungiyarmu mai wasan dirama kan cin zarafin mata, kuma tunda ƙannenmu sababbin shiga suna ta kirana wai me ya faru, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya gani.

Duk wanda ya karanci dirama a ABU Zariya ya san tsarin, irin wanda Augusto Boal na Brazil ya yi suna da shi, a fara wasa a dandali, miji ya ɗaga hannu zai mari matarsa sai a tsayar a ce wa 'yan kallo waye zai shigo ya gyara. Kuma wallahi yana aiki, na ga dattijo ya shigo fili ya fito a maƙwabci yana faɗa muryarsa na rawa, daga baya muka ji 'yarsa ce ke cikin irin halin.

Ogan namu ne matsalar. Labaran nan daga bakin mata muke samo su, a ɗaka, bisa amana. Wata baiwar Allah ta ba mu nata, yadda mijinta yake zane ta da wayar wuta, ta yi yaji iyayenta suka mayar da ita da ki yi haƙuri aure ibada ne. Da kwanaki 16 na gangamin yaƙi da cin zarafin mata suka zo, 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, masu ba da tallafi za su kawo ziyara sai oga ya ce a yi labarin yadda yake kuma a unguwarsu, wai na gaskiya ya fi ratsa zuciya. Na roƙe shi, na ce ranka ya daɗe a canza sana'ar mijin, a canza yawan yaran, a kai wasan wata ƙaramar hukuma, ya ce ke dai naki rubutu. Ba a kai rabin wasa ba mata suka fara nuna gidan da baki. Baƙi suka tafa suka ɗau hoto muka shiga mota, ita kuwa a gidan nan ta kwana. Sati bai zagayo ba mijin ya sake ta ya riƙe yaran. A rahoto aka rubuta wasa ya samu karɓuwa, a mitin kuma aka ce ni ce ban shirya ta ba. Har yau abin na ci min rai.

Sauran a taƙaice. Dokar VAPP ta 2015, wato dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, Abuja ta shafa, kowace jiha sai ta amince da tata, Kaduna ta yi a 2018, don haka ku san me ke aiki a jiharku kafin ku yi wa mace alkawarin kotu. Ku san asibiti da lauyan da za ku tura ta kafin a buga ganga. Ku fara gaida liman da mai unguwa. Kar ku mayar da mijin dodo, maza tashi suke su bar wajen.

Littafin da nake rubuta labaran matan kuma na tafi da abina, oga ya aiko a karɓa wai kayan ofis ne, na ce da bakinsu suka ba ni ba ofis suka ba ba.